Hasken da na'ura ta fitar daban, wanda jiki ya sha daban: yadda ake awon haske a kogon jikin mai ciwon daji

Duk wanda ke bibiyar rahotannin maganin ciwon daji da haske zai ci karo da alƙaluman da ba sa jituwa. Wani bincike ya ce an haska kogon ƙirji da jul 30 (jul shi ne ma'aunin jimlar hasken da ya taru) a kowane murabba'in santimita, kuma nan ne iyakar abin da jiki zai ɗauka lafiya. Wani binciken, da magani iri ɗaya da jan haske iri ɗaya, ya ce jul 60 ake bayarwa a kai a kai. Takardar maganin kuwa ta rubuta jul 300 ga bututun abinci. Mai karatu zai zaci wasu likitocin ganganci suke yi, wasu kuma rowa. Ba haka ba ne. Alƙaluman uku ba abu ɗaya suke ƙirgawa ba, kuma sanin bambancinsu shi ne sanin babbar matsalar wannan hanyar magani idan aka shiga da ita cikin jiki.

Mene ne maganin, kuma me ake aunawa

Likitoci na kiransa maganin fotodainamik, a taƙaice PDT. Abu uku ne ke haɗuwa kafin ya yi aiki: sinadarin da haske ke tayarwa, hasken da launinsa ya dace da sinadarin, da iskar oksijin da ke cikin nama. Ana ba majiyyaci sinadarin ta jijiya, ko ta baki, ko a ɗura shi cikin mafitsara, a jira ya taru a ƙarin. Idan haske ya sauka a kansa, sai ya karɓi ƙarfin hasken ya miƙa wa oksijin, ita kuma ta rikiɗe zuwa wani nau'i mai tsananin ɓarna da ke lalata ƙwayar halittar da aka samar da shi a cikinta. Wannan nau'in ba ya daɗewa, ba ya kuma tafiya ko'ina. Inda aka haife shi nan yake ɓarnarsa ya mutu. Saboda haka inda haske bai kai ba, maganin bai yi komai ba, inda kuma ya yi yawa, lafiyayyen nama ma ba ya tsira. Mutane da yawa na zaton zafin lesa ne ke kashe ƙarin, amma ba haka ba ne.

Asalin abin ya daɗe. A 1900 wani ɗalibi a Munich ta Jamus, Oscar Raab, ya lura cewa wani rini yana kashe ƙananan halittun ruwa ne kawai idan akwai haske. A 1913 wani likitan Jamus, Friedrich Meyer-Betz, ya yi wa kansa allurar miligiram 200 na irin wannan sinadari ya fita rana, fuska da hannuwa suka kumbura. Thomas Dougherty na cibiyar Roswell Park da ke Buffalo a Amurka ne ya kai shi ga marasa lafiya da yawa a ƙarshen shekarun 1970. Maganin da ya fito daga wannan aiki, Photofrin, ya fara samun amincewar hukuma a Kanada a 1993 don ciwon dajin mafitsara, sai Amurka a 1995 don na bututun abinci, daga baya na huhu.

Awon kansa yana da kalmomi biyu da ya kamata a riƙe. Akwai ƙarfin haske a kowace daƙiƙa, wanda ake ƙirgawa da wat ko miliwat (miliwat dubu ne wat ɗaya). Akwai jimlar hasken da ya taru, wadda ake ƙirgawa da jul. Wat ɗaya na tsawon daƙiƙa ɗaya shi ne jul ɗaya. Idan fata ake haskawa, lissafin ba wuya: an san ƙarfin fitilar, an san faɗin wurin, an san mintuna. Hasken da fata ta mayar ya tashi ya bi iska, ba ya dawowa. Cikin kogo ne labari ke sauyawa.

Abin da kogo ke yi wa haske

A kunna fitila ɗaya a ɗaki mai farin fenti, a kai ta ɗaki mai baƙin bango: fitilar ba ta sauya ba, amma ɗakin farko ya fi haske nesa ba kusa ba, domin kowane bango yana jefa wa ɗan uwansa abin da ya karɓa. Mafitsara, kogon ƙirji, kogon ciki, da ramin da ke saura a ƙwaƙwalwa bayan an cire ƙari, duk rufaffun wurare ne irin wannan. Nama ba ya shanye jan haske gaba ɗaya. Yana watsa shi, wani kaso ya koma cikin kogon ya sauka a wani gefe, can ma a mayar da wani kason.

Lissafin yana da sauƙin bi. Idan bangon yana mayar da rabin abin da ya sauka masa, to hasken farko ɗaya ne, dawowar farko rabi, ta biyu rubu'i, haka har ya ƙare, jimla ninki biyu. Idan yana mayar da kashi 70 cikin 100, jimlar ta haura ninki uku. Idan kashi 30 ne kawai, ba ta kai ɗaya da rabi ba. Wato ɗan bambanci a launin bango yana haifar da babban bambanci a abin da nama ya sha. Launin bangon kuwa ba ɗaya ba ne tsakanin mutum da mutum, ba ma ɗaya ba ne a jikin mutum guda: wurin da jini ya kwanta duhu ne, kitse fari-fari ne, hanta na shanye haske sosai, mafitsarar da ta sha kumburi ko kankarar tiyata ta fi lafiyayya ja.

Masana a cibiyar ciwon daji ta Daniel den Hoed da ke Rotterdam a Holan, ƙarƙashin Willem Star, sun auna wannan a mafitsarar marasa lafiya. Sun tarar hasken da ke jikin bangon yana ninka wanda lissafin kai-tsaye ya bayar, daga kusan sau biyu da rabi a wani majiyyacin zuwa kusan sau bakwai a wani. A ɗauki mafitsarar da aka cika da ruwa ta zama kamar ƙwallo mai santimita 4 daga tsakiya zuwa bango. Faɗin bangonta kusan murabba'in santimita 200 ne. Lesa mai wat ɗaya a tsakiya zai ba kowane murabba'in santimita miliwat 5, kuma a minti 50 lissafi zai ce an ba da jul 15. A jikin majiyyaci na farko abin da ya taru a zahiri bai kai jul 40 ba. A na biyu ya haura 100. Takardar asibiti za ta nuna an yi musu magani ɗaya.

Ga kuma batun tsakiya. Idan kan zaren gilashin da ke kai hasken lesa ya goce da santimita ɗaya kacal, bango na kusa ya koma santimita 3, na nesa 5. Hasken kai-tsaye a na kusa ya kusa miliwat 9, a na nesa ya ɗan haura 3. Hasken da ke yawo yana rage wannan tazara, amma ba ya shafe ta. Mafitsara ma ba ƙwallo ba ce ta gaskiya, balle kogon ƙirji mai lungu da saƙo.

A nan ne ake gane dalilin illolin da suka rage wa maganin farin jini a farkonsa. Wasu daga cikin waɗanda aka haska musu mafitsara baki ɗaya da Photofrin sun ƙare da mafitsara ƙanƙantacciya wadda ba ta riƙe fitsari, domin ɓarnar ta wuce fatar ciki ta kai ga tsokar bangon. Wasu kuma ƙarin ya dawo.

Jul 300 na bututun abinci

Wannan adadi ba a kan faɗi aka ƙirga shi ba, a kan tsawo ne. A bututun abinci da hanyoyin iska na huhu, ana zura zaren gilashi mai kai dogo wanda ke fitar da haske ta kowane gefe. Ƙa'idar Photofrin ita ce miligiram 2 ga kowane kilo na nauyin jiki, a jira awa 40 zuwa 50, sannan a haska da jan haske mai nanomita 630 (lambar da ke nuna ainihin launin hasken), miliwat 400 ga kowane santimita na tsawon kan zaren. Minti 12 da rabi suna ba da jul 300 a kowane santimita, na bututun abinci ke nan. Minti 8 da daƙiƙa 20 suna ba da jul 200, na huhu.

Adadin yana faɗin abin da ya fito daga zare ne, bai ce komai game da abin da ya sauka ba. Idan faɗin bututun santimita 2 ne, jul 300 ɗin sun rarrabu a kewayen da ya haura santimita 6, kowane murabba'i ya sami kusan 48. Idan ƙari ya matse shi ya koma santimita ɗaya, adadin ya ninka. Zaren kuma yakan jingina da gefe ɗaya, bangon yana da ninke-ninke masu yin inuwa, numfashi da bugun zuciya suna motsa komai. Don haka aka ƙirƙiro balan-balan mai riƙe zaren a tsakiya yana kuma miƙe ninkin bangon. Duk da haka, a babban gwajin da aka yi kan masu larurar Barrett, wadda kan riga ciwon dajin bututun abinci zuwa, kusan ɗaya cikin uku sun sami tsukewar bututun har sai da aka riƙa buɗa musu shi.

Ma'auni iri biyu, lamba iri biyu

Sai batun 30 da 60. A shekarun 1990, Harvey Pass da abokan aikinsa a Cibiyar Ciwon Daji ta Ƙasa a Amurka sun gwada haska kogon ƙirji bayan tiyata ga masu mesoteliyoma, ciwon dajin tantanin da ya lulluɓe huhu, wanda galibi shaƙar ƙurar asbestos ke jawowa. Sun ɗinka ƙananan ma'aunai masu shimfiɗaɗɗiyar fuska a jikin bangon. Irin wannan ma'auni abin da ya zo masa ta gaba kawai yake gani, wanda ya zo a karkace yana rage masa daraja, wanda ya taso daga cikin naman da ke bayansa kuwa bai san da shi ba. Da shi suka tsayar da jul 30 a matsayin iyaka, bayan sun ga munanan raunuka, har da hujewar bututun abinci, da aka haura.

Amma ƙwayar halittar da ke cikin nama ba ta da gaba ko baya. Sinadarin da ke cikinta yana karɓar haske daga sama, daga ƙasa, daga gefe. Shi ya sa masanan Rotterdam suka inganta wani ma'auni na dabam: siririn zaren gilashi da ɗan farin ƙwallo a kansa, bai fi milimita ɗaya ba, mai tattara haske daga kusan kowace fuska ya tura shi ta zaren zuwa na'urar da ke waje. Da aka ɗora nau'ikan biyu gefe da gefe a jikin marasa lafiya a Jami'ar Pennsylvania da ke Filadelfiya, mai ƙwallon ya riƙa nuna kusan ninki biyu na abin da mai shimfiɗar ya nuna. Jul 60 na Filadelfiya da jul 30 na farko, a taƙaice, kusan haske ɗaya ne da aka ƙirga da ido biyu mabambanta. Haɗarin a fili yake: asibitin da ya karanta 60 a mujalla ya je ya cika shi da ma'auni mai shimfiɗa ya ninka wa majiyyaci awo.

Ɗan ƙwallon ma yana da nasa sharuɗɗa. Ba ya gani ta wajen da zaren ya shige shi. Abin da yake nunawa a cikin iska daban ne da abin da yake nunawa a cikin ruwa ko da hasken bai sauya ba, don haka dole a daidaita shi a irin yanayin da zai yi aiki, a kuma sake duba shi bayan an gama.

Yadda aikin yake a ɗakin tiyata

Tsarin da Joseph Friedberg da tawagarsa suka bi a Filadelfiya yana nuna yawan hannun da abin ke ci. Ana ba da Photofrin awa 24 kafin tiyata. Tun daga lokacin majiyyaci ya zama mai gudun haske: ana sa wa fitilun ɗakin tiyata matata, a rufe fatarsa, har ɗan ma'aunin oksijin da ake maƙalawa a yatsa sai an riƙa sauya masa yatsa, domin ɗan jan haskensa na iya ƙona fata. Likita ya cire duk ƙarin da ido ke gani, aikin da kan ci awanni. Haske na zuwa ne don abin da ido bai gani ba.

Daga nan a ɗinka ma'aunai takwas, kowanne cikin siririn bututu mai ruwan gishiri, a wuraren da aka zaɓa: ƙololuwar kogon, bangon ƙirji na gaba da na baya, lungunan ƙasa biyu, kan jakar zuciya, kan tantanin da ya raba ƙirji da ciki, da tsakiyar ƙirji ta baya inda bututun abinci ya ratsa. A cika kogon da tsinkakken ruwan kitse mai kama da madara, wanda aikinsa watsa haske ne ya shiga lunguna. Zaren lesa yana cikin bututun numfashi da aka gyara, likita yana riƙe da shi yana zagayawa da hannu, kowa a ɗakin sanye da tabarau na kariya. Masanin fiziks yana gaban kwamfuta yana kallon lambobi takwas suna hawa, yana faɗa wa likita inda ya yi gaba da inda aka bari a baya, har kowanne ya kai 60. Yakan ɗauki awa guda ko fiye.

Jini ne babban mai ɓata lissafi. Da zarar ruwan ya fara yin ja, yana shanye haske kafin ya kai bango, sai a zuƙe a zuba sabo. Mafi muni shi ne gudan jini ya manne a kan ma'auni ɗaya. Lambarsa za ta tsaya cak, kuma idan ba a lura ba, za a ci gaba da haska wurin don a cika awon, alhali naman da ke kewaye ya riga ya ƙoshi.

Babban giɓin tsarin ba ɓoyayye ba ne. Wuri takwas, kowanne bai fi kan allura ba, su ne ke wakiltar bango mai ɗaruruwan murabba'in santimita. Abin da ke tsakaninsu ƙiyasi ne. Hannun ɗan Adam kuma yana karkata zuwa inda ake ƙirgawa, sai wuraren ma'aunai su cika, tsakaninsu ya samu abin da ya samu.

Ra'ayoyin da ke karo da juna

Masu ra'ayi na farko sun ce a bututu madaidaici kamar na abinci da na iska, ƙayyade abin da zare ke fitarwa ya wadatar. Hujjarsu mai ƙarfi ce: a kan wannan ƙa'ida aka yi gwaje-gwajen da suka sa hukumomi suka amince da maganin, kowane asibiti zai iya bin ta da lesa da agogo, kuma ƙara na'urori yana ƙara kuɗi da lokaci da wuraren kuskure. Masu suka sun amsa cewa illolin da aka saba ɗauka a matsayin halin maganin, wani ɓangarensu na rashin awo ne.

Na biyu sun ce a kogo mai faɗi ba makawa sai an auna a jikin bango, a kuma tsayar da haske bisa abin da ma'auni ya nuna, ba bisa agogo ba. Kusan duk masu aiki a ƙirji da ciki suna nan. Inda suka rabu shi ne yadda za a kai hasken. A Amsterdam an gwada babban balan-balan da ke cika kogon bayan cire huhu, fitila a tsakiyarsa, da wani sinadari mai ƙarfi sosai da ake kira mTHPC. Can ma an gamu da munanan illoli, har da rasa rayuka. A Toronto, Lothar Lilge da abokan aikinsa sun haɗa wani keji na zarurruka da ke buɗewa a cikin mafitsara ya manna ma'aunai goma sha biyu a bango, ana amfani da shi da koren haske da sabon sinadari mai suna TLD-1433. A Lille ta Faransa, masu aikin ƙwaƙwalwa sun bi wata dabara: su sa balan-balan a ramin da aka cire ƙari, su cika shi da ruwa mai watsa haske, yawan ruwan da ya ɗauka ya nuna girman ramin, daga nan a lissafa tsawon lokacin haskawa.

Na uku sun ce ƙara yawan ma'aunai ba zai taɓa rufe giɓin ba, a bi fitilar kanta. Timothy Zhu a Filadelfiya ya maƙala wa sandar hasken alamomi da kyamara ke bibiya daga saman gadon tiyata. Kwamfuta tana sanin inda kan sandar yake a kowane lokaci, tana zana siffar kogon, tana lissafa hasken da ya sauka a ko'ina, ma'aunai takwas ɗin kuma suna zama abin gwada gaskiyar lissafin. Rauninta shi ne kyamara na rasa sandar idan hannu ko kafaɗar likita ta tare, kogon yana sauya siffa, kuma hasken da ke yawo sai an ƙiyasta shi.

Na huɗu sun fi kowa nisa. Sun ce ko an auna haske daidai, ƙafa ɗaya aka auna cikin uku. Yawan sinadarin da ya taru yana bambanta ninki-ninki tsakanin marasa lafiya da aka yi wa allura ɗaya, har tsakanin wuri da wuri a kogo ɗaya. Oksijin kuma tana ƙarewa: tun farkon shekarun 1990 aikin Thomas Foster da wasu ya nuna cewa idan aka zuba haske da ƙarfi, maganin yana cinye oksijin fiye da yadda jini ke kawowa, sauran hasken ya tafi a banza. Jul 60 a gaggauce da jul 60 a hankali ba lallai su yi aiki ɗaya ba. A 1997 Brian Wilson, Michael Patterson da Lilge suka tsara hanyoyin zuwa gida biyu: ko a auna haske da sinadari da oksijin kowanne da kansa a haɗa da lissafi, ko a bi wata alama guda da ke nuna aikin ukun tare, kamar yadda ƙyallin sinadarin ke disashewa yayin da haske ke cin sa. Akwai ma masu ƙoƙarin kama ɗan hasken da oksijin mai ɓarnar ke fitarwa a nanomita 1270, amma yana da rauni ƙwarai, kama shi a ɗakin tiyata aiki ne ja.

Idan aka auna ra'ayoyin, na huɗu ya fi cika a ilimance, na farko ya fi sauƙin yaɗuwa, na biyu kuma shi ne mafi ƙarancin abin da za a amince da shi a kogo mai faɗi. Ƙungiyar masana fiziks na asibiti ta Amurka ta fitar da rahoto kan awon wannan magani a 2005, amma har yanzu bai kai matsayin gasa ciwon daji da radiyeshin ba, inda ake tsara awon kowane sashe na jiki a kwamfuta kafin majiyyaci ya kwanta.

Zurfi da launi

Awon da aka yi a fuskar bango bai faɗi abin da ke ƙasa ba. Jan haske mai nanomita 630 yana raguwa da sauri a cikin nama, kowane milimita biyu ko uku yana komawa kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma aikinsa ba ya wuce milimita 5 zuwa 10. Koren haske jini na shanye shi da wuri, milimita ɗaya ko biyu ya tsaya. Wannan gajarta wani lokacin ita ake nema. A gwajin kogon ciki da aka yi wa mutum 100 a Filadelfiya, hanji ya sami koren haske jul 2.5 kacal don kada a huda shi, wasu sassan kuma suka sami ja da awo mafi yawa. Sakamakon bai gamsar ba, kuma da aka auna sinadarin a nama aka ga bambancin da ke tsakanin ƙari da lafiyayyen hanji kaɗan ne. Awon haske, komai kyansa, ba ya gyara sinadarin da bai zaɓi ƙari ba.

Abin da wannan ke nufi ga majiyyaci da iyalinsa

Da farko a raba abin da hukumomi suka amince da shi da abin da ke matakin gwaji. Haska bututun abinci da hanyoyin iska na huhu magani ne tabbatacce ga wasu larurori. Haska kogon ƙirji, kogon ciki da ramin ƙwaƙwalwa a yawancin ƙasashe bincike ne, a cibiyoyi ƙalilan. Gwajin Pass na 1997, wanda ya raba mutum 63 masu mesoteliyoma gida biyu, bai ga ƙarin tsawon rai ga waɗanda aka haska ba. Rahotannin Friedberg na baya sun nuna tsawon rai na kusan shekara uku ga zaɓaɓɓun marasa lafiya, abin da ya zarce yadda aka saba gani a wannan ciwo, amma a can an sauya salon tiyatar ma, ana barin huhun, don haka ba a iya ware rabon haske daga rabon wuƙa ba sai da gwajin da ya raba mutane gida biyu.

Wanda aka yi wa tayin irin wannan magani yana da haƙƙin tambaya ko za a auna hasken a cikin jikinsa ko da agogo za a bi, ko akwai masanin fiziks a ɗakin, da kuma sau nawa tawagar ta yi aikin. Awo a ciki yana ƙara lokacin da mutum zai yi cikin maganin barci, yana kuma ƙara tsadar aikin, tunda zarurrukan da yawa ba a maimaita su. Abin da ake saye da wannan shi ne rage yiwuwar hujewa, tsukewa ko ƙanƙancewa a gefe guda, da barin ƙari a inuwa a ɗaya gefen. Fitilun jan haske da ake tallatawa don amfanin gida ba su da alaƙa da wannan magani. Babu sinadari, babu awo, haskensu ma ba ya kaiwa kogon jiki.

Awon haske na ƙarshe a gida ake yinsa. Wanda aka ba Photofrin fatarsa da idonsa suna gudun rana da fitila mai ƙarfi na aƙalla kwana 30, wasu har kwana 90. Man kariya daga rana na yau da kullum ba ya hanawa, domin hasken da ido ke gani ne ke tayar da sinadarin; sutura mai kauri, safar hannu, hula mai faɗi da baƙin tabarau su ne kariya. Ba a kuma so ya kulle kansa a duhu, saboda sassauƙan hasken cikin ɗaki yana taimakawa wajen cinye ragowar maganin a fata. Bayan wata guda ana gwada ɗan wuri a bayan hannu a rana na minti 10, a jira awa 24. Idan ya yi ja, ya kumbura ko ya yi bororo, a ƙara mako biyu kafin a sake gwadawa.